Likkafanin Baba Yana Hanya

Mahaifinmu mai sayar da yadi ne. Tun kafin a haife ni yake da rumfa a kasuwa, kuma rabin cinikinsa na farin alawayyo ne, wanda ake yi wa mamata likkafani da shi. In mutum ya shigo rumfar da jajayen idanu, Baba ba ya tambayarsa kamu nawa yake so. Sai dai ya tambaya namiji ne ko mace, babba ko yaro, ya ɗauki almakashi. Saboda haka maganar likkafani ba ta taɓa zama abin tsoro a gidanmu ba. Baba yakan yi ta a bakin kwanon tuwo, kamar yadda wasu ke maganar ɗinkin Sallah.

Abu ɗaya ne bai samu ba a rayuwarsa, shi ne zuwa Makka. Lokacin da yake da ƙarfi babu hali. Lokacin da 'ya'yansa suka samu hali, ƙafafu sun kumbura, likita kuma ya ce zuciyar ba za ta ɗauki tafiya ba. A aikin hajjin farko bayan sojoji sun koma bariki, yayana da ke aiki a Legas ya samu kujera. Ya zo Katsina yin sallama, ya durƙusa gaban Baba ya tambaye shi tsarabar da yake so. Baba ya ce shi ba ya son dabino, ba ya son agogo, carbi kuwa yana da wanda ya ishe shi.

Ya ce, "Ka sayi hwarin yadi can. Ka wanke mini shi da zamzam, ka shanya shi a ranar Makka. Tunda ni ban tahi ba, abin da za a naɗe ni ciki ya tahi."

Yayana ya yi yadda aka ce. Ya dawo ta Legas, sai wurin aikinsu suka ce hutun da ya ci a hajji ya isa, ba zai motsa ba sai wata shekara. A lokacin jikin Baba ya fara rikicewa, sallar ma a zaune yake yin ta. Ya zama dole a aiko da yadin.

Mu dai yadda muka saba aika kaya sananne ne. Ka je tasha, ka nemi direba ɗan garinku, ka damƙa masa, ka gaya masa gidan wane a unguwa kaza. Direba ba waliyyi ba ne, amma ya san ka san gidansu, ka san mahaifiyarsa, kuma zai haɗu da kai a wajen ɗaurin aure. Wannan kaɗai yakan kawo kaya lafiya. To amma yayana mai karanta jarida ne. Ya bugo waya gidan maƙwabcinmu, aka kira ni, ya ce mini zamani ya canja. Yanzu mulkin farar hula ake yi, kamfanoni sun san darajar abokin ciniki, ba za a ba wani direba mai cin goro abu mai daraja irin wannan ba. Ya ba wani kamfanin kai saƙo, ya biya mafi tsadar kuɗinsu, wanda ake kawo wa mutum kaya har ƙofar gida. Ya karanto mini wata doguwar lamba na rubuta a bayan kwalin ashana.

Na ba su kwanakin da suka ce, na ƙara musu na kara, sannan na hau babur ɗina daga unguwarmu ta Gobarau zuwa ofishinsu da ke wajen Ƙofar Kaura.

Gaskiya ofishin ya burge ni. An shafe shi da fenti mai sheƙi, a saman ƙofa an zana barewa tana gudu da ƙunshi a gadon baya. A ciki akwai taswirar duniya da ta cinye bango guda, da agogunan bango a jere, kowane yana nuna lokacin wata ƙasa, na Katsina ne kawai ya tsaya. A gefen ƙofa an kafa wani akwatin katako da kwaɗo a jikinsa, an rubuta masa AKWATIN ƘORAFI da manyan baƙaƙe. Manajan ɗan gari ne, na san gidansu. Mutum ne mai fara'a, rigarsa ta sha sitati, kuma bai bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba sai da ya gaishe ni da gida, da aiki, da zafi, da yaran makarantar da nake koyarwa.

Na miƙa masa lambar. Ya dube ta da girmamawa, ya shiga wani ɗaki mai labule, ya fito.

Ya ce, "Malam, shina hanya."

Na ce masa abin na gaggawa ne. Na gaya masa ƙarara cewa likkafani ne, na mahaifina, shi da bakinsa ya nema, kuma ba shi da lafiya. Manaja ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Malam, kada ka yi ma Baba irin wanga fata. Allah shi ba shi lahiya, shi ga jikokin jikoki."

Na ce amin. Na ce amma duk da haka a kawo.

Daga ranar na zama ɗan gida a wannan ofis. In an tashi makaranta, can nake fara biyawa. Na san kujerar da ƙafarta ke rawa, na san lokacin da akawunsu ke aika a sayo masa fura. Amsa kuwa kullum da sabuwar riga take fitowa. Yau a ce motar ta lalace a Jebba. Gobe a ce ruwa ya cinye wata gada, alhali muna tsakiyar bazara, ko ɗigo ba a yi ba. Wata rana aka ce ƙila an kai shi wani gari mai suna irin namu can ƙasar Binuwai, ana bincike. Na tambaya wa ke binciken. Manaja ya ce hedikwata. Na ce wane ne a hedikwata. Ya ce ai hedikwata ba mutum ɗaya ba ne. Amma ko sau ɗaya bai taɓa mantawa ya tambaye ni jikin Baba ba. Yakan karkato kai, ya sassauta murya, ya ce, "Ya mai jiki? Shina cin abinci kuwa?" Har nakan ce a raina, mutumin nan aikinsa ne dai ba shi da kyau, amma yana da zuciya.

Na shiga shagon buga waya na kira Legas da kuɗina. Wata mata ta amsa da Turanci mai sauri, ta ce kayan sun bar hannunsu tuntuni. Na kira ofishinsu na Kano, wani ya ce sun wuce da su. Ashe haka aikin yake. Kowa ya saki kayan, babu wanda ya karɓe su. Na roƙi manaja ya bar ni na leƙa ɗakin ajiyarsu da idona, ya ce dokar kamfani ta hana, kuma shi ba mai taka doka ba ne.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na buga teburinsa har biro ya faɗi ƙasa. Na ce masa da a gaban direban tasha nake, da tuni na san wanda zan shaƙe. Na ce barewar da suka zana a ƙofa ƙarya ce, su goge ta su zana kunkuru, shi ma kunkurun mai ciwon ƙafa. Mutanen da ke jira suka yi dariya. Manaja bai ɓata rai ba ko kaɗan. Ya sunkuya ya ɗauko biron, ya haɗa da farar takarda ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Haƙƙinka ne, Malam. Da lokacin soja ne, wa ya isa shi ɗaga murya haka a ofis? Yanzu kowa na da 'yancin hwaɗin ra'ayinshi. Ga akwati can."

A lokacin rediyo ba ta da zance sai na romon dimokuraɗiyya, kuma a nan na ɗanɗani nawa. Da, ba ka da bakin magana kuma ba a yi maka komai. Yanzu kana da bakin magana, har a ba ka biro, kuma ba a yi maka komai. Na cika takardar ciki da bai, na tura ta cikin akwatin. Ban ji ƙarar faɗuwarta ba, don ta sauka a kan 'yan'uwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne komawa gida. Baba yana kwance a ɗakinsa, Inna, mahaifiyarmu, tana yi masa fifita. Da ya ji na kashe babur a ƙofar gida sai ya sa a tayar da shi zaune. Idonsa ba fuskata yake fara dubawa ba, hannuwana yake dubawa.

"Ya iso?"

"Sun ce yana hanya, Baba."

Da farko wasa yake mayar da abin. Ya taɓa ce mini, "Ka koma ka ce masu ni ma ina hanya. Mu ga wa za ya riga wani isa." Inna ta ce ya daina irin wannan magana, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata rana ya sa aka share masa wuri a saman akwatinsa na ƙarfe, ya ce nan za a ɗora shi in ya zo, inda zai riƙa ganinsa daga kan gado. Ya ce yana son ya taɓa shi ya ji irin saƙar, don shi ya san yadi, kada a ce yayana ya bari Larabawa sun cuce shi. Daga baya wasan ya ƙare. Sai ya dubi hannuwana, ya juya fuska bango. Na fi son ya zage ni da wannan juya fuskar.

Wata rana da hantsi Baba ya cika, ina cikin aji aka zo aka kira ni. Na tarar an rufe shi da zanen Inna. Ban tsaya kuka ba, na sake hawa babur na nufi Ƙofar Kaura, ina cewa ko Allah zai sa a dace a wannan karon. Na iske ƙofar da ƙaton kwaɗo. Mai shagon da ke kusa ya ce duk sun tafi tarbar wani ɗan majalisa da ya dawo daga Abuja, sai dai in dawo gobe. Na tsaya ina kallon barewar nan, na daki ƙofar da ƙafa har sai da yatsana ya yi jini.

Daga ragowar yadin rumfarsa aka yanka masa. Tsohon maƙwabcinsa na kasuwa ne ya yanka, da almakashin Baba, hawaye na zuba a gemunsa. Yadi ne mai kyau, Baba ba ya ajiye na banza. Malamai sun gaya mini, ni ma na sani, ba yadi ke kai mutum aljanna ba. Amma mutumin nan ya yi wa rabin garin nan sutura ta ƙarshe, abu ɗaya ya roƙa wa kansa, kuma mun kai shi makwancinsa ba tare da shi ba. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi.

Ranar sadakar uku muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, lungu ya cika da masu ta'aziyya, sai ga babur ɗin kamfanin. Mai kai saƙonsu ne ke tuƙi, manaja a baya, ya rungume wani ƙunshi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi addu'a doguwa mai daɗin ji, har dattawa suna gyaɗa kai. Ya ce a rediyo ya ji sanarwar rasuwar. Sannan ya turo ƙunshin gabana a hankali. Na ga rubutun yayana. Na kuma ga ƙurar da ta kwanta a kansa, da zoben da gindin kofin shayi ya bari a kan takardar.

Na ce, "Yaushe ya iso?"

Ya sunkuyar da kai irin na mai kunyar a yabe shi. Ya ce ai ya daɗe. Ya iso tun a satin da na fara zuwa.

Ya yi mini bayani dalla-dalla, cikin natsuwa, ga dukkan alamu ya shirya shi tun daga ofis. Yayana ya biya kuɗin kaiwa har gida, dokar kamfani kuwa ta ce irin wannan kaya ba a ba kowa sai mai sunan da hannunsa, a ƙofarsa, ya sa hannu. Don haka ba zai iya ba ni a ofis ba. Mai babur kuma da ya ji abin da ke ciki, ya rantse ba zai ɗauki likkafani ya kai gidan mara lafiya ba, gobe a ce shi ya kai wa tsoho mutuwa. Shi ma manaja da ya yi tunani sai ya ga yaron yana da gaskiya.

Ya ce, "Malam, mu 'yan gari ne, mun san ya kamata. Yaya za a sallama ma dattijo shina kwance a miƙa mashi likkahwani? Tsohwahhi suna hwaɗin haka da baki, amma in suka gani da ido sai jikinsu shi mutu. Shi ya sa muka ce a dakata tukuna."

A nan na gane tambayar jikin Baba da yake yi mini kullum. Ba gaisuwa ba ce, aiki yake dubawa. Jira yake mai kaya ya mutu, don doka ta ce in mai suna ya rasu, magajinsa na iya sa hannu. Ya ma zo da takardar, ya zaro ta daga aljihu da biron nan nasa.

Na yunƙura zan tashi. Baffana, ƙanen Baba, ya danne mini gwiwa da hannunsa. Wurin zaman makoki ne, ba a ɗaga murya, ba a korar wanda ya zo gaisuwa, ko da shi ya kashe mamacin. Baffa ya ce wa manaja, "Allah shi ba da lada." Wani dattijo da bai ji farkon zancen ba har ya ce kamfanin nan suna da kirki. Na sa hannu a inda aka nuna mini, ƙarƙashin layin da ya ce na karɓi kaya lafiya kuma a kan lokaci. Na danna biron har ya huda takardar.

Na ɗauki ƙunshin na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, mata sun kewaye ta. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka miƙo mata wuƙa, ta yanke igiyar, ta yaye takardar ta jefar. Ta warware yadin kaɗan, ta murza bakinsa tsakanin yatsunta yadda Baba yake yi in zai saya, ta kai hanci ta shaƙa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ninke shi, ta ce in shigo mata da mutumin zaure.

Mai takaba ba ta fitowa gaban maza, don haka daga bayan ƙofar tsakar gida ta yi magana. Manaja ya durƙusa a zaure yana fuskantar ƙyauren. Ta gaishe shi da gida, da iyali, da aiki, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa da sunan unguwarsu. Ta yi masa godiyar zuwa ta'aziyya. Yana amsawa yana ƙara sunkuyawa, na ga alamar yana jiran a sa masa albarka.

Ta ce, "An ce kai ka adana muna kayan marigayi."

Ya ce, "Ai yi ma kai ne, Inna."

Ta ce, "To mai shi ya tahi, ba ya da sauran buƙata. Na ba ka shi sadaka, Allah shi kai ladan kabarinshi. Ka ajiye ma kanka."

Ta miƙo yadin ta gefen ƙofa, fari tas, babu takarda babu leda. Na karɓa na ɗora masa a hannu. Fuskarsa ta canja. Ya fara cewa ai shi bai cancanta ba, ai akwai malamai, akwai mabuƙata, shi kuma da sauransa, yaransa ma ƙanana ne.

Inna ta ce, "Sadakar mamaci ce, ɗana, ba a maido ta. Kuma ka gani, ga shi an miƙa maka kana da rai, ba abin da ya same ka."

Ya fito da shi a hannu, gaban duk mutanen da ke kan tabarmi. Ya nufi babur. Mai kai saƙon ya dubi yadin, ya dubi maigidansa, ya ce shi dai ya riga ya rantse. Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi shi kaɗai.

Da ƙafa manaja ya bi lungunmu, likkafani a hammata, yana neman inda zai ɓoye shi cikin babbar riga ya rasa. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallonsa. Kafin ya kai bakin titi, mutane sun yi ta tsayar da shi suna salati, suna tambayarsa wa ya rasu a gidansu.